Tsallake Ma'aikaci Wajen Ƙarin Girma: Wa Zai Nuna Masa Makinsa?

Duk lokacin da sakamakon jarrabawar ƙarin girma ta manyan ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ya fito, akan ga fuskoki iri biyu a Sakatariyar Tarayya da ke Abuja. Akwai waɗanda ake yi wa barka da arziki, akwai kuma waɗanda suka bi jerin sunayen daga sama har ƙasa, suka sake bi, ba su ga nasu ba. Kafin a tashi daga aiki a wannan rana, kowane ɗaya daga cikin rukuni na biyu ya riga ya samo dalilin faɗuwarsa. Wannan ya ce don shi ɗan jiha kaza ne, wancan ya ce addininsa aka duba, wata ta ce don ita mace ce, wani kuma ya ce ba shi da uwa a gindin murhu. Wasu daga cikinsu gaskiya suke faɗa. Wasu kuwa jarrabawar ce kurum ta kayar da su. Abin damuwa shi ne, a yadda ake tafiyar da al'amarin, da wuya wani ya iya bambance na farko da na biyu, har da su masu kukan kansu.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya kawo wannan magana cikin shafin ciniki da tattalin arziki? Amsa ita ce, duk takardar da ɗan kasuwa yake jira, ta izinin shigo da kaya ce, ko ta biyan kuɗin kwangila, ko ta mallakar fili, a kan teburin wani ma'aikaci take kwana. Ma'aikacin da ya sakankance cewa ƙwazo ba zai kai shi ko'ina ba, ba zai yi gaggawar ɗaga fayil ba, kuma idan zuciyarsa mai rauni ce, zai nemi a wajen mai fayil abin da yake ganin gwamnati ta hana shi. Ta fuskar shi ma'aikacin kuwa, asarar ba ta tsaya ga albashin wata ba. Tun da aka koma tsarin fansho na karo-karo a 2004, wanda aka yi wa gyara a 2014 ta yadda ma'aikaci ke zuba kashi 8 cikin ɗari, gwamnati kuma kashi 10, abin da mutum zai ci bayan ritaya ya danganta ne ga abin da aka tara masa daga albashinsa. Wanda aka tsallake sau biyu ko uku, har tsufansa sai ya ji a jikinsa. Ga kuma agogo yana gudu, domin ƙa'ida ita ce shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 a bakin aiki, duk wanda ya riga zuwa.

A rubuce, dokokin ba su da laifi. Ƙa'idojin Hukumar Kula da Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya sun tanadi cewa ma'aikaci zai yi aƙalla shekara 2 a matakinsa idan yana mataki na 6 zuwa ƙasa, shekara 3 daga mataki na 7 zuwa na 14, da shekara 4 daga mataki na 15 zuwa sama, kafin a duba batun ɗaga shi. Shekara da shekaru ma'aunin da aka yi aiki da shi ya ba jarrabawa maki 70, rahoton ƙwazo na shekara-shekara maki 20, daɗewa a aiki maki 10, kuma sai mutum ya haɗa 60 ake cewa ya ci. To amma cin jarrabawa daban, samun muƙami daban. Sai da gurbi ake ɗaga mutum, kuma a nan ne gizo ke saƙa. Idan mataimakan darekta ashirin suka ci jarrabawa alhali kujerun darekta uku ne ba kowa, sha bakwai za su koma gida da labarin "babu gurbi". Wa ya ƙidaya guraben? Yaushe aka ƙidaya su, kafin jarrabawa ko bayan an ga sakamako? Wane maki na uku ya samu, wane maki na huɗu ya samu? Ma'aikacin da bai san amsar waɗannan tambayoyi ba, dole zuciyarsa ta ba shi amsa, kuma amsar da zuciya ke bayarwa a Nijeriya kusan kullum ita ce ƙabila, ko addini, ko jiha.

Shi kansa rahoton ƙwazo na shekara-shekara, kowa ya san abin da ya zama kafin gwamnati ta ƙudiri maye gurbinsa da sabon tsarin auna aiki a cikin dokokin aikin gwamnati da aka sabunta a 2021. Shugaba kan cika wa kusan kowa maki don gudun ɓacin rai, sai fa wanda suka sami saɓani da shi. Ma'aunin da ya ce kowa gwani ne bai auna komai ba, illa dai ya bar wa mai riƙe da alƙalami damar soke wanda ya ga dama.

Doka kuwa tana bayan wanda aka zalunta, aƙalla a bisa takarda. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a tauye wa ɗan Nijeriya wani haƙƙi saboda al'ummarsa, ko ƙabilarsa, ko asalinsa, ko jinsinsa, ko addininsa, ko ra'ayinsa na siyasa. A 2002 Nijeriya ta rattaba hannu a kan yarjejeniya ta 111 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta hana nuna bambanci a wurin aiki. Gyara na uku da aka yi wa tsarin mulki a 2010 ya ɗaukaka Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, ya kuma ba ta, a sashe na 254C, ikon sauraron ƙararrakin nuna bambanci da rashin adalci a wurin aiki. Sai dai kotunan ƙasar nan sun sha nanata cewa ƙarin girma alfarma ce daga mai aiki, ba haƙƙin da za a ƙwata da ƙarfin shari'a ba. Saboda haka wanda ya kai ƙara ba zai wadatu da cewa "na cancanta" ba. Sai ya nuna cewa an karya ƙa'ida, ko an fifita wani a kansa don dalilin da doka ta haramta. Da me zai nuna, alhali takardun maki da bayanan zaman kwamiti duk suna hannun wanda yake ƙara? Ƙari a kan haka, ma'aikacin da ya maka ma'aikatarsa a kotu yana kan aiki ya san gobe zai shiga ofis ya gaida wanda ya kai ƙara. Yawancin mutane sukan haɗiye, su bar wa Allah.

Domin a ga yadda al'amarin kan kasance idan an fito da dalili fili, ya kamata a waiwayi abin da ya faru a Jihar Kuros Riba. A ƙarshen 2019 kujerar Babban Jojin jihar ta zama ba kowa. Mai Shari'a Akon Ikpeme ita ce mafi daɗewa a cikin alƙalan babbar kotun jihar, ta riƙe kujerar a matsayin riƙo, kuma Majalisar Shari'a ta Ƙasa ta ba da shawarar a tabbatar da ita. A watan Maris na 2020 Majalisar Dokokin jihar ta ƙi amincewa. Ba a zarge ta da cin hanci ba, ba a ce ba ta san shari'a ba. Abin da aka ce shi ne asalinta daga Jihar Akwa Ibom yake, don haka naɗa ta zai iya zama barazana ga tsaron jiha. Wannan fa mace ce da ke auren ɗan Kuros Riba, wadda ta ƙarar da ƙuruciyarta tana yi wa jihar aiki. Abin ban dariya, idan da abin dariya a ciki, shi ne sai a 1987 aka yanko Akwa Ibom daga jikin Kuros Riba. Wato a lokacin da aka haife ta, iyakar da ake yi mata gori da ita ba ta ma wanzu ba.

Gwamna Ben Ayade ya rantsar da alƙalin da ke bin ta a matsayin riƙo. Majalisar dokokin ta sake ƙin amincewa da ita a watan Yuni. Amma Majalisar Shari'a ta Ƙasa ta tsaya kan bakanta, Ƙungiyar Lauyoyin Nijeriya da ƙungiyoyin mata suka ɗaga murya, har ta kai akwai lokacin da jihar ta zauna babu Babban Joji ko na riƙo, shari'u suna jiran wanda zai rarraba su ga alƙalai. A ƙarshe majalisar ta sauko a watan Janairu na 2021, aka rantsar da Mai Shari'a Ikpeme a watan Fabrairu.

Me ya ceci wannan baiwar Allah? Jerin daɗewar alƙalai a bakin aiki sananne ne ga kowa. Shawarar Majalisar Shari'a ta Ƙasa an sanar da ita. Dalilin ƙin amincewa an faɗe shi a zauren majalisa, 'yan jarida suna rubutawa. Da aka ajiye dalilin kusa da sashe na 42, ko makaho ya shafa ya ji sun saɓa. Da a ce an tsallake ta ne a cikin ɗaki rufe, aka ce mata "babu gurbi", da har yau ana gardama a kan ko zalunci ne ko ƙorafin wadda ba ta yi nasara ba.

Ba ita ce ta farko ba. A watan Nuwamba na 2012, ranar da za a rantsar da sababbin alƙalan Kotun Ɗaukaka Ƙara, Alƙalin Alƙalan Nijeriya ta lokacin, Mai Shari'a Aloma Mukhtar, ta jinkirta rantsar da Mai Shari'a Ifeoma Jombo-Ofo, saboda koken da aka shigar cewa ita 'yar asalin Jihar Anambra ce, ga shi kuma an kawo sunanta a kason Jihar Abiya, jihar mijinta, inda ta yi shekaru tana alƙalanci. Sai da Majalisar Dattawa ta sa baki, aka sake duba batun, sannan aka rantsar da ita a cikin watan. Tushen rikicin yana cikin ƙa'idojin Hukumar Daidaita Rabon Muƙamai ta Tarayya, waɗanda suka ce matar aure za ta ci gaba da dogaro da jiharta ta asali wajen rabon muƙamai na ƙasa. Sakamakon haka, macen da ta yi aure a wata jiha kan zama jemage, ba tsuntsu ba, ba dabba ba: a jihar miji a ce baƙuwa ce, a jihar uba a ce ai ta daɗe da barin gida. A Jihar Abiyar ce kuma, a 2011, gwamnatin Theodore Orji ta sallami ma'aikatan da ba 'yan asalin jihar ba, ta ce kowa ya koma jiharsa, alhali da yawansu 'yan jihohin maƙwabta ne masu harshe ɗaya da al'ada ɗaya. Wanda ke zaton wannan cuta ta Kudu da Arewa ce kawai, bai duba da kyau ba.

A nan dole a taɓo batun rabon muƙamai bisa la'akari da sassan ƙasa, domin shi ne sandar da kowane ɓangare ke dukan ɗan'uwansa da ita. Sashe na 14(3) na tsarin mulki ya wajabta cewa kada mutanen wasu 'yan jihohi ko wata ƙabila su mamaye gwamnati da hukumominta. An kafa hukumar da ke kula da haka a 1996, a zamanin Janar Sani Abacha, kuma ƙa'idarta ita ce kason kowace jiha a cikin ma'aikatan hukumar tarayya kada ya gaza kashi 2.5 cikin ɗari, kada kuma ya wuce kashi 3. Mai wannan rubutu yana cikin masu ganin cewa ƙasa irin Nijeriya, wadda ilimin boko bai shiga sassanta a lokaci ɗaya ba, kuma ta ɗanɗana yaƙin basasa, ba za ta zauna lafiya ba tare da irin wannan tanadi ba. Amma wurin aiki da shi shi ne ƙofar shiga, da kuma kujerun ƙoli da sashe na 171 ya bar wa Shugaban Ƙasa naɗawa, irin su manyan sakatarori. Tsakanin ƙofa da ƙoli, tsani ne, kuma tsani da ƙafa ake hawansa. Idan aka ɗauki matasa biyu aiki rana ɗaya, ɗaya daga Ondo ɗaya daga Yobe, an riga an biya buƙatar daidaito. Daga nan kuma abin da kowa ya shuka shi ya kamata ya girba. Shigar da lissafin jiha a ɓoye cikin kowane mataki yana cutar da su duka biyun: wanda aka tsallake ya tafi da ƙullaci, wanda aka ɗaga kuma, ko da da guminsa ya samu, ya rayu ana nuna shi da baki ana cewa kason jiha ne ya kai shi.

Ko a ƙolin ma akwai abin dubawa. Tun da ana zaɓen manyan sakatarori ne daga jihohin da gurbinsu ya faɗi, darektan da ɗan jiharsu ya hau kujerar yana da sauran shekaru da yawa, sai ya yi ritaya bai ko sami damar shiga jarrabawar ba. Wannan cunkoso na daga cikin abin da ya sa gwamnatin Umaru Musa 'Yar'aduwa, lokacin da Stephen Oronsaye ke Shugaban Ma'aikata, ta fito da tsarin wa'adi a 2009: babban sakatare shekara 4, ana iya sabuntawa sau ɗaya, darekta kuma shekara 8. Nan take aka yi ta kukan cewa an shirya shi ne don a kakkaɓe 'yan Arewa, domin da yawansu sun hau manyan matakai da wuri. Gwamnatin Muhammadu Buhari ta dakatar da tsarin a 2016, sai kukan ya koma ɗaya ɓangaren, aka ce an yi ne don a tsawaita zaman wasu. A 2023 aka dawo da shi. Doka ɗaya, an kafa ta an ce son kai, an soke ta an ce son kai. Wannan kaɗai ya isa ya nuna yadda amana ta ƙare tsakanin ma'aikata da masu tsara musu dokoki.

Amanar kuwa ba jiya ta fara zubewa ba. Kakkaɓar 1975 a zamanin Janar Murtala Muhammed, wadda ta raba mutum fiye da 10,000 da aikinsu, da yawa ba tare da an saurare su ba, ita ta fara koya wa ma'aikaci cewa ƙa'ida ba ta kare kowa. Gyaran 1988 na zamanin Janar Ibrahim Babangida ya mayar da manyan sakatarori daraktoci-janar masu tafiya tare da gwamnatin da ta naɗa su, ya kuma sakar wa ma'aikatu ragamar ɗauka da ɗagawa. Kafin kwamitin Allison Ayida na 1994 ya ba da shawarar a warware wannan tsari, an riga an yi wa wasu tsalle biyu ko uku, an shigo da wasu daga jihohi a matakan da suka fi na sa'o'insu, kuma jerin daɗewa a aiki ya hargitse ta yadda aka daɗe ana fama da shi.

Akwai kuma bambancin da ba ya ɓuya, domin a rubuce yake. Mai babbar difloma ta kwalejin kimiyya da fasaha, komai ƙwarewarsa, bisa tsarin da aka gada yakan tsaya a mataki na 14 sai in ya ƙaro wata takarda, alhali mai digiri na jami'a da suka fara aiki tare zai iya kaiwa na 17. Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudurin kawar da wannan bambanci a 2021, amma Shugaba Buhari ya sauka a 2023 bai sa masa hannu ba. Ƙasar da kullum shugabanninta ke wa'azin koyon sana'a da fasaha, ita ce kuma ta yi wa masu fasahar rufi a kan tsani.

Adalci ya wajabta a faɗi ɗaya gefen. Ba duk mai kukan wariya ne aka ware ba. Akwai ma'aikacin da rabonsa da buɗe littafin dokokin aiki ko na kuɗi tun ranar da aka ɗauke shi, wanda ba ya zuwa ofis sai rana ta take, amma ranar da sakamako ya fito shi ne kan gaba wajen zuwa gidan sanata ko fadar sarki da takardar koke. Irin wannan yana ɓata wa masu gaskiya suna, yana kuma jawo ƙungiyoyin ƙabila da na addini cikin abin da ba su san kansa ba. Shugaban da aka yi wa ƙazafin son kai shi ma an zalunce shi, kuma duhun da ya hana mai ƙara hujja shi ne ya hana shi wanke kansa.

Saboda haka maganin bai buƙaci sabuwar hukuma ko wani kwamitin bincike ba, waɗanda ƙasar nan ta tara rahotanninsu har sun yi ƙura. Kafin a zauna jarrabawa, a manna adadin guraben kowane fanni da kowane mataki a inda kowa zai gani, kuma kada a taɓa adadin bayan an fara. Bayan jarrabawa, a ba kowane mutum makinsa dalla-dalla a rubuce, tare da makin da aka tsaya a kai, a kuma ba shi damar ganin takardar amsarsa idan ya nema. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta riga ta ba hukumomi kwana 7 su amsa buƙatar mai neman bayani. Abin kunya ne a ce sai ma'aikaci ya ɗauki lauya kafin ya san makin da shi da kansa ya ci. Wanda ya ci aka rasa gurbi, a ajiye sunansa a layi bisa makinsa har zuwa wani lokaci sananne, maimakon a mayar da shi ya sake zama tare da waɗanda ya horar. Idan kuwa akwai kujerar da za a cike bisa la'akari da jiha, a faɗa tun farko, a ambaci sashen dokar da ya ba da izini, domin kowa ya san irin tseren da ya shiga. Koke kuma ya tafi ga waɗanda ba su da hannu a hukuncin farko, a yanke shi cikin watanni ƙididdigaggu, ba sai mai koken ya karɓi takardar ritaya ba.

Sauran aikin na Majalisar Tarayya ne da Hukumar Daidaita Rabon Muƙamai. Su sake duba ƙa'idar matar aure, su ba macen da ta yi shekara ashirin tana aiki a jihar mijinta 'yancin zaɓen jihar da za a ƙidaya ta a ciki, sau ɗaya, a rubuce, tun kafin wata kujera ta faɗi a fara tono asalin mahaifinta.